Cinikin Dogaye a Teburin Mai Shayi

Ranar Alhamis da la'asar, kasuwar Maigatari ta fara watsewa. Alhaji Dillali na ƙirga la'adarsa a teburin mai shayi, Jauro ya jingine sanda yana jiran a ƙara masa madara. Ɗan Boko kuwa ya ƙura wa waya ido, sai tsaki yake ja.

MAI SHAYI: Malam, lafiya? Shayinka har ya yi fata.

ƊAN BOKO: Ƙungiyarmu ce, Dallas ta Amurka. An tafi hutun ƙwallon kwando, yanzu ake tankaɗe da rairaya. Gurbi 15 ne, a san wa za a riƙe, wa za a sallama.

JAURO: Wannan da ake jefawa a kwandon da ba gindi? Aradu, shi ya sa ba ya cika.

DILLALI: Bar shi ya yi bayani, Jauro. Na ji ƙamshin ciniki. Yaro, sayarwa ake yi ko musaya?

ƊAN BOKO: Musaya, Alhaji. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ke nan. A watan Fabrairun 2025 suka ba ƙungiyar Lakers Luka Doncic, ɗan shekara 25, suka karɓi Anthony Davis, ɗan 31.

DILLALI: Tsaya. Kun ba da bijimi mai tashe, kun karɓi tsohon sa. An duba haƙori?

ƊAN BOKO: Haba Alhaji, likitoci ke gare su.

DILLALI: Ban tambaye ka likita ba.

ƊAN BOKO: To, a wasansa na farko ya ji ciwo.

DILLALI: Ai ka ji. Ciko fa?

ƊAN BOKO: Wani matashi, Max Christie, da damar zaɓen sabon yaro guda a 2029.

JAURO: Maraƙin da uwar ma ba ta ɗauki cikinsa ba!

(Nan Alhaji ya tura hula ƙeya, abin da ba ya yi sai ciniki ya ɓaci.)

DILLALI: Da a kara aka yi wannan, Sarkin Kara da kansa zai warware shi kafin magariba.

ƊAN BOKO: Ba a nan ta tsaya ba. Ɗan wasanmu Kyrie Irving jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Maris, da aka shiga hutu suka sabunta masa kwantiragi na shekara 3.

MAI SHAYI: Kai, ƙungiya ce ko asibitin ƙashi na Dala?

ƊAN BOKO: Amma Allah ya dube mu. Kowace shekara ana rabon yara sababbi, zagaye biyu, ƙungiya 30. Waɗanda suka fi shan kashi su suka fi samun dama a ƙuri'ar wanda zai fara zaɓa. A 2025, ukun ƙarshe kowacce kashi 14 cikin 100. Mu ko kashi 2 ba mu kai ba, sai ga ta ta faɗo kanmu. Muka ɗauki Cooper Flagg, ɗan shekara 18 daga jami'ar Duke.

MAI SHAYI: Wato na kutal shi ake ba kyauta? Ina ma haka ake yi a firamarenmu, da yanzu ni ne hedimasta. To ku riƙa faɗuwa da gangan mana.

ƊAN BOKO: Ana yi. Mu ma a 2023 an ci mu tarar dala 750,000 saboda mun zaunar da manyan 'yan wasa a benci ana tsakiyar neman gurbin shiga wasannin cin kofi.

DILLALI: Ashe kun saba.

JAURO: Samari, yaron nan da kuka ɗauka, me ya fi Irona? Iro mangwaro yake tsinkowa ba gora. Ƙofar ɗakinsa sau biyu muna ƙara mata tsawo.

ƊAN BOKO: Baffa, ba tsawo kaɗai ba ne. Ya taɓa riƙe ƙwallo?

JAURO: Ya taɓa riƙe ɗan maraƙi yana harbi.

ƊAN BOKO: Ka san kuma ba abin raini ba ne. Hakeem Olajuwon a Legas gola yake yi, sai da ya tasa ya fara ƙwallon kwando. A 1984 shi Houston ta ɗauka na ɗaya, Michael Jordan ma na uku ya zo. Shekarar Iro nawa? Dole ya cika 19 a shekarar zaɓen.

JAURO: Shekarar da jar saniya ta haifi tagwaye aka haife shi.

MAI SHAYI: Sai a rubuta musu haka a fom.

DILLALI: Ni wata tambaya ke cina. Wa ke tsayawa tsakani?

ƊAN BOKO: Kowane ɗan wasa da wakilinsa. Yana iya karɓar har kashi 4 cikin 100. Kuma Doncic ɗin nan, Lakers ta ƙara masa shekara 3 a kan dala miliyan 165.

(Alhaji ya dubi 'yan dubu-dubun da ke hannunsa, ya dunƙule su ya cusa a aljihu. Ya cire takalmi ɗaya ya fara lissafi a ƙasa da yatsa, ya share, ya sake.)

DILLALI: Jauro, daga yau Iro a hannuna yake. Mai shayi, soya wa yaro ƙwai shida a kai masa ruga, a rubuta a kaina.

MAI SHAYI: Na makon jiya ma yana rubuce.

DILLALI: Za a biya ka a 2029.

JAURO: Ni dai shanu za su ba ni, ba na karɓar takarda. Amma Alhaji, ka san Iro yana ɗan ɗingishi tun da sa ya take shi.

DILLALI: Rufa mana asiri! Yaro, buga wa Dallas waya. Su ba sa dubawa.