Har Yaushe Za Mu Ci Gaba da Jiran Biza Kafin Mu Koyi Larabci?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan uwa, daren jiya bayan sallar Isha'i na ji wata magana a ƙofar masallacin unguwarmu wadda ta hana ni sukuni har yanzu. Liman ya karanta wasu ayoyi a raka'ar farko, wani matashi da ke sahun gaba ya kasa riƙe kuka, har waɗanda ke gefensa suna jin shessheƙarsa. Da aka sallame muka fito, sai wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin kirki wanda jam'i ba ya wuce shi, ya matso kusa da liman yana tambayar abin da ayoyin suke magana a kai. Da aka gaya masa, sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Malam, wannan shi ne burina tun ina saurayi. Da Allah ya nufe ni da tafiya Madina ko Masar, da yanzu ni ma ina jin abin da ake karantawa." Mutanen da ke wurin duk suka gyaɗa kai suna tausaya masa. Abin da ya sosa mini rai shi ne, daga inda yake tsaye ana iya hango zauren da wani malami yake zama kullum tsakanin Magariba da Isha'i yana biya wa mutane nahawu, kuma ɗalibansa ba su cika tabarma biyu ba.

Wannan magana ta "da na samu fita waje" ta zama mafaka a gare mu, kuma da yawanmu mun shekara ashirin ko talatin muna fakewa a cikinta. Muna faɗinta da murya ta nadama, sai mu ji kamar mun sauke nauyi, alhali kuwa babu abin da muka sauke. Mun ɗora koyon harshen Alƙur'ani a kan sharaɗin da muka san ba zai cika ba, domin magidanci mai mata da 'ya'ya da shago ko aikin ofis ya san sarai cewa ba zai bar gida shekara huɗu ya tafi karatu ba. Idan kuwa mutum ya rataya aikin alheri a kan abin da ya san ba zai faru ba, to a gaskiya ya riga ya yanke wa kansa hukuncin barin aikin, ko da bakinsa yana cewa yana so.

Ina roƙon duk mai wannan uzuri ya dubi tarihin ƙasar da yake takawa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba, ko aikin hajji Allah bai nufe shi da yi ba. Nisan da ya yi wajen neman ilimi bai wuce Agadas ba, inda ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. A hannun mahaifinsa da kawunnansa da malaman wannan yanki ya yi karatu, kuma ya bar littattafai masu ɗimbin yawa da Larabci waɗanda har yau ake karantawa ana rubuta digiri a kansu. Ƙaninsa Shehu Abdullahi na Gwandu ya taɓa ɗaura niyyar tafiya gabas, ya iso Kano, mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, daga nan ya koma gida. Wannan bawan Allah shi ne ya rubuta tafsirin Diya'ut Ta'awili, ya tsara nahawu cikin dubban baitoci a Baharul Muhiɗi, ya tsara sarfu, wato ilimin jujjuyawar kalmomi, a Hisnur Rasin. Mutumin da bai ga Alƙahira ba, bai ga Makka ba, ya zauna a nan yana rubuta ƙa'idojin harshen Larabawa cikin waƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da 'yar uwarsa Nana Asma'u haka suka tashi, kuma a zamanin da iyayenmu suka gani da idonsu ga Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda a zaurukan Sakkwato ya samu Larabcin da ya yi waƙoƙinsa da tarihinsa da shi. Shehu da mutanen zamaninsa ba su da lantarki, ba su da littafin ɗab'i, sai sun kwafi littafi da hannu kafin su mallake shi, da dare kuma sai hasken wutar kara ko fitilar mai. Mu da muke riƙe da waya mai ɗauke da ɗaruruwan littattafai da darussa, da wane ido za mu kalle su mu ce ba mu samu dama ba?

Ba ina rage darajar tafiya neman ilimi ba ne, Allah ya kiyaye. Wanda ya samu gurbi a Madina ko Azhar ko Sudan, ko jami'ar Musulunci ta Say da ke nan maƙwabta a Nijar, ya tafi, Allah ya sanya albarka. Amma ku tambayi waɗanda suka je suka dawo, za su gaya muku gaskiya. Larabcin da ake yi a titunan Alƙahira da kasuwanninta ba shi ne Larabcin Alƙur'ani da littattafai ba, harshen gari ne mai nasa salo, kamar yadda Larabcin 'yan uwanmu Shuwa da na Chadi yake da nasa. Wanda ya je can ma dole ya shiga aji, ya zauna gaban malami, ya haddace, ya maimaita. Akwai kuma waɗanda suka shekara da shekaru a can suna kwana da tashi cikin 'yan uwansu Hausawa, da Hausa ake hira, da Hausa ake cin abinci, suka dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da tafiya take ba ɗalibi shi ne ta raba shi da shagulgulansa, ta tilasta masa jin harshen da furta shi kowace rana. Gwamnatin Najeriya kanta ta fahimci cewa ana iya samar da wannan a gida, shi ya sa ta kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a jihar Borno domin ɗaliban jami'o'i su je su zauna cikin harshen ba tare da sun ƙetare iyaka ba. A Kano kuwa makarantar da aka buɗe a 1934 domin horar da alƙalai, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ta yaye malaman da suka cika Arewa. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Wani zai ce shekaru sun ja, ƙwaƙwalwa ta cushe. Kakanninmu sun riga sun amsa wannan da suka ce gemu ba ya hana ilimi. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin da ya sa ya zauna, kuma kunnensa ya shekara arba'in yana jin Fatiha da gajerun surori da azkar, kalmomin suna nan a ajiye a ƙirjinsa suna jiran a buɗe masa ma'anarsu.

Sai dai ina so mu gaya wa juna gaskiya game da abin da ake nufi da karatu da gaske, domin a nan ne mafi yawan masu niyya suke faɗuwa. Zuwa darasi sau ɗaya a mako, ranar Asabar idan babu ɗaurin aure, ba zai ba ka Larabci ba ko da za ka shekara goma kana yi, saboda abin da ka koya wannan Asabar ya zube kafin wata ta zagayo. Harshe yana son a taɓa shi kullum. Ɗan uwana, idan ka ware awa ɗaya bayan sallar Asuba, kafin waya ta fara ƙara, kafin yara su tashi, ka ƙara da rabin awa tsakanin Magariba da Isha'i, a shekara guda ka tara sama da awa 500. Wannan lokaci kana da shi, domin ka san adadin da kake ba hirar majalisa, da kallon ƙwallo, da zagaye a Facebook da TikTok har dare ya raba. Ba za a ce ka bar kasuwa ko aiki ba, amma dole wani abu daga cikin abubuwan da kake jin daɗinsu ya matsa ya ba karatu wuri, kuma idan babu abin da ya matsa to ba a fara ba tukuna.

Sannan ka riƙe littafi ɗaya da malami ɗaya har ka kai ƙarshe. Wata cuta da ta kama mu a wannan zamani ita ce tara littattafai a waya da shiga kowane zauren WhatsApp da aka ce ana koyar da Larabci, yau a fara wannan, jibi a ji an yabi wancan a koma can, a ƙarshe mutum ya karanta darasi na ɗaya a littafi bakwai bai ga darasi na goma a ko ɗaya ba. Hanyoyin a bayyane suke. Akwai ta zaure, wadda ake farawa da Ajurrumiyya, a wuce Mulhatul I'irabi da Ƙaɗarun Nada, har a kai Alfiyyar Ibnu Malik mai baiti kusan dubu, ana haɗawa da Lamiyyatul Af'ali a sarfu da Ishiriniya da Muƙamatul Hariri domin tara kalmomi. Akwai kuma littattafan zamani irin su Durusul Luga na jami'ar Madina, juzu'i uku, wanda wani malami ɗan ƙasar Indiya ya tsara domin waɗanda ba Larabawa ba. A ganina babban mutum da yake farawa daga tushe ya fi dacewa ya fara da irin wannan na zamani, domin tun daga shafin farko yake sa shi haɗa jimla da bakinsa, idan ya ɗan miƙe sai ya kai Ajurrumiyya gaban malami ta daidaita masa ƙa'ida. Karatun zaure yana da albarka mai yawa, amma fassarar kalma bayan kalma ita kaɗai takan bar ɗalibi yana iya warware i'irabin baiti mai wuya alhali ba zai iya tambayar Balarabe hanyar masallaci ba. Mai bin darussan waya shi kaɗai kuma yakan yi ta tafka kuskure shekara da shekaru, yana sa fataha inda rufu'a take, babu wanda zai ce masa a'a. Saboda haka kunne da baki dole su shiga aikin: ka karanta da ƙarfi, ka saurari huɗubar Harami da labarai da Larabci ko da kalma biyar kake tsinta a ciki, ka rubuta jimloli uku kowane dare game da yininka malam ya gyara, ka nemi aboki ɗaya da za ku yi alƙawarin cewa minti goma sha biyar a kullum ba za ku yi wa juna Hausa ba.

Na san abin da yake hana da yawanmu shiga zauren nan, kuma ba rashin lokaci ba ne kaɗai. Kunya ce da jin kai. Alhaji yana jin nauyin ya tanƙwashe ƙafa kusa da yaron da ya haifa, ya yi kuskure a gyara masa a gaban mutane. Darakta yana ganin girmansa zai zube idan aka gan shi da littafin 'yan farawa. Subhanallah! Wannan Alhajin da kansa, idan ya je Chana sarin kaya, bai ji kunyar karya harshe yana koyon lissafi da gaisuwa da yarensu ba, domin akwai riba a ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi bushara da lada biyu ga wanda yake karatun Alƙur'ani yana in-ina yana shan wahala, to ina abin kunya a cikin wahalar da ake sha domin a fahimce shi? Kuma mu ji tsoron Allah game da malamai. Muna biyan mai koya wa yaranmu Turanci da lissafi a gida kowane wata ba tare da ƙorafi ba, amma malamin Larabci muna so ya karantar da mu fi sabilillahi, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa, idan ya makara kuma mu yi gunaguni. Ku haɗu ku biyar ko ku shida, ku ɗauki ɗaya daga cikin matasan da suka gama digirin Larabci a Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Zariya suna zaune babu aiki, ku yanka masa albashi na mutunci, ku sa masa lokaci tsayayye. Kuɗin ba zai kai abin da kuke kashewa a data ba.

'Yan uwana mata, wannan magana taku ce kamar yadda take ta maza, har ma ta fi, domin ku ne aka fi rufe wa ƙofar tafiya waje, kuma a cinyarku yara suke fara jin magana. Nana Asma'u tana gidan aure, tana da 'ya'ya da hidimar babban gida, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ke ma Hajiya, bayan yara sun tafi makaranta akwai sa'a guda da za ki iya ƙwacewa. Ku kuma magidanta, wanda ya hana matarsa zuwa Islamiyya, bai karantar da ita ba, bai kawo mai karantar da ita ba, ya shirya amsar da zai bayar.

Ku tuna halin da muke shiga a goman ƙarshe na Ramadan. Muna tsaye awa biyu a tahajjud, ƙafafu sun kumbura, liman yana wuce ayoyin rahama da na azaba, mu kuwa zuciya tana kasuwa saboda ba ta da abin kamawa. Idan aka zo alƙunutu sai ka ji sahu gaba ɗaya ya ɗauki "amin" a wurin da liman yake yabon Ubangiji, ba roƙo yake yi ba. Ubangijinmu yana yi mana magana sau biyar a yini, mun yi furfura ba mu san abin da yake ce mana ba sai an yi mana tafinta, kuma mun yarda mu mutu a haka saboda ba a ba mu biza ba.

Don Allah ɗan uwana, don Allah 'yar uwata, kada ku bari wannan mako ya fita. Kada ku ce sai bayan Salla, kada ku ce sai kasuwa ta daidaita. Yau ɗin nan bayan Magariba ka je ka sami malamin unguwarku, ka gaishe shi, ka ce masa, "Allah ya gafarta Malam, na zo a ɗora mini karatu daga farko." Ka sayi littafin gobe da safe. Don Allah ku je.

Allah ya buɗe mana ƙirazanmu, ya sanar da mu harshen Littafinsa kafin ya karɓi rayukanmu.