Wata uku ba ya mai da mutum gwanin haɗa manhaja

Wani labari ya ce za a koya wa matasan Birnin Kebbi rubuta manhaja cikin wata uku, har wasu masu sharhi na cewa daga nan sai karɓar dala. Ina goyon bayan horon. Tun da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin 3MTT, na horar da 'yan Nijeriya miliyan uku a fasahar zamani, a 2023, yaranmu suka fara waiwayar fannin, kuma abin farin ciki ne. Amma 'yan uwa, a gaya musu gaskiya.

A wata uku, mai himma zai iya HTML da CSS, waɗanda da su ake tsara shafin intanet, ya taɓa JavaScript ko Python, harsunan rubuta manhaja, ya gina ɗan shafi. Manhajar da ɗan kasuwa zai biya kuɗi ya dogara da ita kuwa, wadda za ta riƙe lissafin buhunan shinkafa a Argungu ba tare da ta ɓatar da ko ɗaya ba, tana buƙatar rumbun bayanai da tsaro da gwaji kan gwaji. Yawancin lokacin mai wannan sana'a wajen neman kuskure yake tafiya. Alama guda da aka manta tana iya cinye yini guda, kuma a nan ne da yawa ke karaya, suna zaton kansu ne ba ya ja.

Ga matsalar wuta da tsadar data, ga wanda da waya kaɗai yake koyo.

Roƙona ga masu shirin: bayan yayewa, a haɗa kowane yaro da wanda ya riga shi, ya riƙa duba aikinsa aƙalla shekara guda.