Mai jirin tsaye: a gyara gado da kwano kafin a nemi ƙwayar barci

A gida, idan mutum ya ce da ya miƙe sai ido ya yi duhu, zuciya ta kama dukan uku-uku, amsa uku ke jiransa: ko jini ya yi ƙasa, ko taifot ce a ɗaura ruwa, ko a fara zancen iska. In ya ƙara da cewa ba ya samun barci, mai kemis zai ƙirga masa Lexotan ko Piriton a 'yar leda. A nan Ingila likita yakan fara da kwantar da shi ya auna jini da bugun zuciya, sannan ya tsayar da shi ya sake aunawa. Bambancin ke nan. A asibitocinmu yawanci a zaune ake awo, sau ɗaya, kuma wannan ciwon ba ya nuna kansa a zaune.

Akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba. Su ke kula da bugun zuciya, matse hanyoyin jini, zufa, narka abinci da fitsari. Duk lokacin da aka miƙe, jini rabin lita ko fiye yana gangarawa ciki da ƙafafu, su ne ke matse hanya su mayar da shi sama. Idan sun yi rauni, saboda ciwon suga da ya daɗe, ko ciwon karkarwa na Parkinson, ko bayan wata doguwar jinya, abu biyu ke bayyana. Ko lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da tsayuwa. Ko kuma jinin ya tsaya yadda yake amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 a minti ɗaya cikin minti 10 na tsayuwa, 40 ga 'yan shekara 12 zuwa 19. Wannan na biyun shi ne POTS, kuma mata matasa ya fi kamawa. Na'urar awon jini ta batir da agogo sun isa a yi wannan gwajin a kowane ƙaramin asibiti.

Dare ne ke ɓata safiya. Idan irin wannan mara lafiya ya kwanta shame-shame, jinin da ya wuni a ƙafa yakan dawo ƙirji, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa, ta kwana tana zubar da ruwa da gishiri. Ya tashi fitsari sau uku, barci ya tsinke, asuba ta same shi a bushe. Shi ya sa jirin ya fi tsanani wajen tashi alwalar asuba. Gyaran shi ne ɗaga kan gado da santimita 10 zuwa 20. A nan akwai abin dasawa na musamman da ake saya. A gida bulo mai inci 6 a ƙarƙashin kowace ƙafar gado ta wajen kai ya wadatar. Tara matashin kai ba ya wannan aikin, wuya kawai yake lanƙwasawa, dole jikin gaba ɗaya ya ɗan gangara. Mai kwana a katifa a ƙasa sai ya shimfiɗa ta kan katako ya tallafe gefen kai.

Ƙwayoyin barcin da muka saba da su kusan duk suna taɓa jijiyoyin da dama su ne ba lafiya. Piriton da Phenergan suna ƙara bugun zuciya, su rage zufa, su busar da baki, su riƙe fitsari da bayan gida. Rage wa mutum zufa a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, zafi ya haura 40, ba ƙaramin ganganci ba ne. Amitriptyline da ake bayarwa don barci ko zafin ƙafar masu suga ita kanta tana saukar da jini a tsaye. Valium da Lexotan kuwa suna kama jiki cikin 'yan makonni, kuma wanda ya sha su ya tashi fitsari ƙarfe 2 na dare, ga jiri ga magagi, faɗuwa ce ke gabansa.

Turawan ma ba su daidaita ba. A Ingila sai da takardar likita ake samun maganin barcin da ake kira melatonin, a Amurka kuwa kamar alewa ake sayar da shi. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2023 ya auna irin na taunawa guda 25, aka tarar 22 abin da ke cikinsu bai dace da abin da aka rubuta a kwalba ba, wani har ya ninka fiye da sau uku. Masu aika wa 'yan uwa kwalaben nan su lura. An ga melatonin yana ɗan rage bugun zuciyar masu POTS, amma dattijon da jininsa ke faɗuwa kada ya fara sai an auna shi. Kafin duk wannan, a duba goro da shayin dare. Rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kamar awa 5, to goron magariba yana nan daram a sha biyun dare.

Batun gishiri ne wurin da nake ganin bai kamata a kwafi shawarar Turai ido rufe ba. A nan ana ce wa mai POTS ya sha ruwa lita 2 zuwa 3, ya ci gishiri gram 6 zuwa 10 a rana, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da gram 5 ta ce ga sauran mutane, wato kusan ƙaramin cokali guda. Amma sai an tabbatar ba shi da hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya. Miyarmu dama da gishiri da dunƙulen Maggi take, hawan jini kuma ya yi mana katutu, da yawa ba su san suna da shi ba. Har ma akwai masu jinin da ke faɗuwa a tsaye ya hau sosai a kwance, don haka a riƙa awon kwanciya da dare. Dalilin da ya sa ba a shan midodrine, maganin ɗaga jini da ake ba masu faɗuwar jini, cikin awa 4 kafin kwanciya ke nan. Kanwa kuma ba madadin gishiri ba ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego.

Ruwa kam mun fi su sauƙi. Shan rabin lita a tashi ɗaya yana ɗaga jinin mai wannan ciwo cikin minti 5 zuwa 10, ya riƙe shi kusan awa guda, kuma ledar fiya wata daidai rabin lita ce. A ajiye ɗaya kusa da gado, a shanye kafin a sauko da ƙafa, a zauna bakin gado minti biyu. Yawancin ruwan a sha shi kafin la'asar don kada ya koma fitsarin dare. Ranar da aka yi zufa da yawa, ruwan gishiri da suga na ORS ya fi ruwa zalla. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, mai faɗuwar jini ya rage.

Sai kwano. Malmala biyu ta tuwo ko tulin shinkafa suna jan jini zuwa hanji, cikin awa biyu da cin abinci jinin ya faɗi. Wannan ne jirin da dattawa ke ji idan sun miƙe sallar azahar bayan sun ci sun ƙoshi. A raba abincin gida biyar ko shida, a rage tuwon, a ƙara wake, ƙwai, kifi, gyaɗa ko zogale, a sha ruwa kafin a fara. Mai suga da abinci ke daɗewa a cikinsa ya rage maiƙo, kuma ya bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya.

Idan jiri ya taso a tsaye, a harɗe ƙafafu a matse cinya, ko a tsuguna nan take. Wanda tasowa daga sujada ke sa masa duhun ido yana da sauƙin yin salla a zaune, hadisin Imrana bin Husaini a Buhari ya bayyana hakan. Azumi kuwa, musamman idan ya faɗo cikin bazara, a tattauna shi da likita tun watan Sha'aban, a tafi masa da awon kwance da na tsaye na mako guda, safe da dare, rubuce a takarda.