Faks ɗin lafiyarshi lau, ni ne dai

Jiya Alhaji ya ce in kakkaɓe tsohon faks ɗin nan na biro in gani ko yana aiki, wai mutanen Yamai sun ce sai ta nan za su turo fakti. A zamanin WhatsApp fa. Nimeron da ke manne jikinshi ma mai shida ne, tun kafin a ƙara 20 a gaba.

Na jona kuran, na sa wayar layi, na ɗaga kan na ji ƙuuu, alhamdulillahi layi na nan. Na tura ma nimeronmu da kanmu ya ce layi a cike, minti goma ina zagin injin kafin sakatariya ta ce to malam wa ya cika layin in ba kai ba. Na shanye wannan.

Sai na yagi takarda daga kayena na rubuta GWAJI da manyan baƙaƙe, na zura, na buga Yamai, ya yi kukan nan nashi kamar an taka wutsiyar mussa, ya haɗiye takarda ya tofo ta, ya rubuta OK. Har na fara gyara kwala.

Ashe shi wannan injin a kife ake sa mashi takarda, ni ban kife ta ba, sai bayan takardar ya karanta. Kun san abin da ke bayan?

Alhaji ya kira Yamai ya buɗe murya kowa na ji, ya ce kun samu gwajin? Mutumin ya ce mun samu Alhaji amma ba mu gane faktin ba, bari in karanto. Mai shayi jikka 2 da rabi. Ya yi shiru. Mai kilishi jikka 3. Ɗan kabu-kabun Zariya dala 100, an ja mashi layi. Wallahi a hankali yake karantawa kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo, ni ko ina tsaye da igiyar faks a hannu, zufa har cikin takalmi. Sai ya ce akwai na ƙarshe: Alhaji, jikka 20, ya manta, kar a tuna mashi.

Alhaji bai ce komai ba, tabarau kawai ya cire ya goge.

Amma wanda ya fi ƙona mani rai maigadi ne. Me ya kawo shi ciki? Ƙofa aikinshi, amma yana nan jingine da buta yana dariya har da zama ƙasa, kuma shi ne ya ruga ya gaya ma mai shayi wai sunanshi ya je Yamai. Maigadin da tun azumin bara yake riƙe da cajata, kullum gobe. Shi ban ma sa shi a lissafin ba don kara.

Yau da safe mai shayi ya ce jikka 3 ne ba 2 da rabi ba. Faktin kuma ta WhatsApp suka turo shi.