Mutumin da ya hana ni zana baƙauye wawa

Na yi shekaru ina zanen barkwanci, kuma in faɗi gaskiya, da baƙauye nake cin abinci. In zana shi hula a karkace, baki sake, yana kallon bene a birni. Jama'a su sheƙe da dariya, su yi ta turawa. Ban taɓa jin kunyar abin ba sai da na ci karo da Langston Hughes.

An fi saninsa da waƙe, baƙar fatar Amurka ne da ya zauna a unguwar Harlem ta birnin New York har ya rasu a 1967. Ni ba waƙen ne suka kama ni ba. Shafinsa ne na jaridar Chicago Defender, inda a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙirƙiro wani mutum Jesse B. Semple, wanda ake kira Simple. Talaka ne ɗan Virginia da ya zo Harlem neman na tuwo, bokonsa bai yi nisa ba, ga rigimar mata. Kullum yana mashaya yana musu da abokinsa ɗan boko. Fiye da shekara 20 Hughes ya yi yana rubuta wannan musu.

Ga inda ya kashe ni. Ɗan bokon ne mai dogon Turanci da "a bi a hankali", amma Simple ke kayar da shi, sau da yawa da magana guda. Dariya za ka yi, sai can ka lura ba talakan kake yi wa ba. Ƙasar da ke tura baƙar fata ya yaƙi Hitler, ya dawo gida a ce ya zauna a bayan bas, ita ce abin dariyar.

Hughes ya ce daga bakin wani ma'aikacin masana'antar kayan yaƙi ya samo Simple. Mutumin na ƙera wani ƙarfe, aka tambaye shi me ƙarfen ke juyawa, ya ce bai sani ba, ai farar fata ba sa gaya wa baƙi irin wannan. Wallahi da ni ne a wurin, da jahili zan zana shi. Hughes ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar.

Akwai inda Simple ke cewa mai son tarihinsa ya dubi ƙafafunsa, tsayuwar da suka sha da takalman da suka cinye. Tun daga nan na koma fara zane daga ƙasa. Faso, silifas da aka ɗinke da waya, babban yatsa da ya sha tuntuɓe.

Wasu na cewa zanena ya rage ban dariya, masu turawa ma sun ragu. Na ji. Jiya na zana mai turin ruwa da wani mai babbar riga yana masa lacca kan haƙuri. Hular da ta karkace a zanen, ta mai laccar ce.