Na'urar taƙaita gudu ba ta tuƙa jirgin ƙasa

Tun da aka buɗe layin dogo na Tema zuwa Mpakadan a ƙasar Ghana a 2024, a majalisun unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra ana yawan cewa jiragen zamani suna da na'urar taƙaita gudu, don haka direba zaman kallo kawai yake yi. Ba haka abin yake ba.

Na'urar tana hana jirgi wuce iyakar gudun da aka saita masa ne kurum. Ba ta san kwana ba, ba ta san gada ko wurin da ake gyaran dogo ba. Akwai tsarin da ke taka birki da kansa, amma sai an dasa kayan aikinsa a jikin layin.

A 2013, kusa da Santiago de Compostela a Sifaniya, wani jirgi ya shiga kwanar da ƙa'idarta kilomita 80 ce a awa, yana gudun kusan 180. Mutum wajen 80 suka rasu. Direban ya shagala da waya.

Ga shi ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, jirgi ba ya tsayawa nan take kamar turoturo, wato ƙaramar motar haya. Dole direba ya haddace hanyarsa, ya fara rage gudu tun daga nesa.