Kafin ka canza fikof ɗin jitarka, duba amfilifayarka tukuna

Makonni biyu da suka wuce wani matashi ya kawo mini jitarsa ta lantarki ɗakin da muke atisaye a Tudun Wada, nan Jos, ransa a ɓace. Ya tara kuɗin wata huɗu ya yi odar fikof guda biyu daga waje, mai gyara ya ɗaura masa, amma sautin da yake nema, wato irin na kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970 mai kauri da ɗan kaushi, ko kusa bai samu ba. Da na tambaye shi amfilifayar da yake jonawa, sai ya nuna mini hotonta a waya, wata 'yar ƙarama mai tiransisto wadda sifikarta inci 8 ce. Na ce masa, ƙanena, jitar nan ba ta yi maka laifin komai ba. Shi ne mutum na uku a bana da na ga ya fara kashe kuɗinsa a kan abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, shi ya sa na ga gara in yi magana a fili.

Ga wanda bai saba da harkar ba, fikof shi ne ɗan abin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin jita. Maganaɗisu ne da aka naɗa masa siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, ita ce amfilifaya take ƙarfafawa har kunne ya ji. Fikof mai naɗi ɗaya, irin na jitar Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954, sautinsa siriri ne garau, sai dai yana kwaso ƙugin wutar gida. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira a kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, an naɗa shi ne yadda ɓangare ɗaya zai kashe ƙugin ɗayan, kuma muryarsa ta fi kauri. Akwai P-90 na Gibson tun 1946, naɗi ɗaya ne mai faɗi, sautinsa yana tsakanin biyun.

Abin da 'yan kasuwa ba sa gaya wa yaranmu shi ne, fikof ɗin wancan zamani ba su da ƙarfi sosai. Idan aka ɗora mita a kan tsohon mai naɗi biyu na Gibson, yawanci wajen om 7,500 zuwa 8,500 za a gani (om shi ne ma'aunin turjiyar wayar da aka naɗa, kuma galibi yawansa yana nuna ƙarfin fikof), maganaɗisunsa kuma alniko ne, wato gamin ƙarfe da alminiyom da nikel da kobalt. Na matashin nan da na auna sun haura om 15,000, maganaɗisun siramik ne, an yi su ne don wani kiɗa dabam mai tsananin nauyi da ya zo daga baya. Ya sayi kaya masu kyau, amma ba na aikin da yake so ba.

To daga ina kaushin yake fitowa? Daga amfilifaya mai bawul, waɗannan kwalaben masu kama da ƙwan fitila da dattawanmu suka sani a cikin tsofaffin akwatunan rediyo. Jim Marshall ya fitar da amfilifayarsa JTM45 a Landan a 1962, kuma tsarin amfilifayar Fender Bassman ta 1959 ya kwaikwaya. Ita da Vox AC30 da ire-irensu ba su da maɓallin da zai ba ka kaushi a ƙasa-ƙasa. Sai ka murɗa ƙarar har bawul ɗin sun kai maƙura, sannan sautin ya fara tsagewa a hankali, yana bin nauyin hannunka: ka taɓa tsirkiya da sauƙi ya fito fes, ka doke ta ya yi gurnani. Wannan amsawar ita ce abin da kunnenka yake nema, kuma babu fikof ɗin da zai saka ta cikin 'yar amfilifaya mai sifika inci 8.

Kada kuma wani ya ji haka ya tafi neman Marshall mai wat 100. An yi ta ne don manyan zauruka a lokacin da na'urorin sauti na dandali ba su da ƙarfi, kuma kafin ka kai ta inda take daɗi a ɗakin haya a Angwan Rukuba, mai gida ya ba ka notis. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, wato ɗan ƙari kaɗan ne a kunne, don haka mai wat 15 ba ta da rauni yadda lambar take nunawa. Fender Champ wat 5 ce, Vox AC15 wat 15, Deluxe Reverb wat 22. A wannan tsakanin nake ba da shawarar a nema, da sifika inci 12, domin sifika ma tana da kaso mai yawa a cikin sautin, kamar yadda duk wanda ya ji Celestion Greenback mai wat 25 zai shaida.

Sai maganar wuta, wadda mujallun waje ba ruwansu da ita. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Na taɓa tsayawa ina kallo wani abokin kiɗanmu ya jona amfilifaya ta hannu da aka kawo masa daga can kai tsaye a soket, ko minti ɗaya ba a yi ba ɗakin ya cika da ƙaurin taransifoma. A duba bayan na'ura kafin a jona, a nemi abin rage wuta idan ana bukata, a kuma sa sitabilaiza, saboda bawul ba ya son wutar da ke hawa tana sauka, balle ta ƙaramin janareta. Kada a taɓa kunna mai bawul ba tare da sifika a jone ba. Gidajenmu da yawa kuma ba su da wayar ƙasa ta kirki, abin da ke ƙara wa mai naɗi ɗaya ƙugi, wani lokaci har makirufo ya ja mutum a leɓe. Saboda haka ne, duk da son da nake yi wa muryar Stratocaster, wanda jita ɗaya zai iya mallaka a garin nan nakan ce ya ɗauki mai naɗi biyu marar ƙarfi sosai.

Na yarda bawul yana da tsada, samun na canji ma aiki ne, kuma mai kiɗa a coci ko wuraren biki da ke ɗaukar kaya a Keke Napep yana da hujjar zaɓar na'urar dijital mai kwaikwayon sautin. Ban ga aibinsa ba, in dai ya san abin da ake kwaikwaya.

Shi dai matashin nan, sukundireba na ɗauka na sassauta fikof ɗinsa ƙasa, domin mai gyaran ya ɗaga su har suna neman taɓa tsirkiya. Na bar tazarar kamar milimita 3, na jona jitar a amfilifayata mai wat 15, na murɗa ta sama, na ce ya mayar da maɓallin ƙarar jitar kan 6. Ya kaɗa sau ɗaya, ya tsaya yana kallon sifikar, ya sake kaɗawa da ƙarfi. Mun rabu a kan zai dawo ranar Asabar da tsofaffin fikof ɗin da aka cire mu mayar, sababbin kuma ya sa su a kasuwa ya fara tarin kuɗin amfilifaya.